Hanyar Malasa, da Inda Keke Zai Tsaya

Dubeli, Jimeta.

Zuwa ga jikata Fadimatu, amaryar wannan tsoho,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin sauka lafiya, ke da kekenki, babu wanda ya ƙwarzane a cikinku. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya riƙe ki a hawa, Ya riƙe ki a gangara, amin. Mahaifiyarki na ba ta sa miki a jaka, na ce kada ki buɗe sai kin isa kin sha ruwa.

Tun ranar da aka ce an ɗauke ki cikin waɗanda za su shata hanyoyin keke a gandun dajin nan na kan duwatsu, can bayan Toungo, bakina bai rufu ba. Na faɗa a masallaci, na faɗa wa mai shayi, na hau Keke Napep har Shagari Low Cost don in faɗa wa Bappanki, ashe shi ya riga ni ji. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wai mutane za su ajiye motocinsu, su sa hular kwano, su zo su taka keke a kan burji don nishaɗi. Wahalar da muka sha don neman abin sawa a baki, yau ita ake zuwa nema daga nesa. Allah mai iko. Kuma wadda za ta nuna musu hanya ita ce yarinyar da na riƙe wa sirdi a lungun gidanmu, mahaifiyarta tana leƙowa ta katanga tana cewa zan karya mata 'ya.

Ranar da kika zo sallama kin roƙe ni abu guda. Kin ce, "Kaka, faɗa min hanyar Malasa. Zan kai hanyar keke har can, in sa mata sunanka." Na yi dariya na ce ki ƙaro min ruwan zafi. Kin tafi kina ganin rowa na yi miki. Ba rowa ba ce. Bakina yana da sauri, yana iya cewa to kafin zuciyata ta gama shawara. Hannuna kuwa a hankali yake tafiya, tunda sai da furfura ta fara fito min na zauna a ajin yaƙi da jahilci na yamma na koyi riƙe biro. Shi ya sa na bar wa hannun ya ba ki amsa.

Tun kina ƙarama nake ba ki labarin Malasa, wannan fili da ke tsakanin duwatsu inda ƙasa take da gishiri, namun daji suna zuwa lasa. Zan faɗa miki hanyar. Amma ni ban san ta da sunayen taswira ba. Na san ta ne da wuraren da na yi wauta, don haka da su zan kwatanta miki, ki bi su ɗaya bayan ɗaya har inda zan ce ki tsaya.

Za ki fara daga ƙauyen ƙarshe da ke gindin dutse, inda manyan motoci suke juyawa. A zamanina nan nake sauke kekena daga kan mota, baƙin nan mai birkin sanda, in ɗaure kayan koli a kariya: allura, zare, turare, 'yan madubai. Zuwana na farko ina saurayi, na taso a filin Jimeta inda in ka hangi abu ka san nisansa. Na ɗaga kai na ga wata ƙofa tsakanin duwatsu biyu, kamar in miƙa hannu in taɓa. Jauron ƙauyen ya sa aka shimfiɗa min tabarma, ni kuwa na gaishe shi a tsaye, ƙafa ɗaya a kan feda, na ce ina so in yi azahar a can sama. Ya dubi keken, ya dube ni, ya tambaya ko akwai fiffike a cikin kayan. Ya ce in ƙara goran ruwa, na ce nauyi ne.

Fadimatu, dutse yana yi wa idon mutumin fili ƙarya. Hanyar tana shiga kwari ta fito, ta zaga ta dawo, ƙofar nan tana nan inda take, ba ta matso ba. Na ƙi sauka in tura, don a ganina namiji ba ya tura keke. Na yi ta takawa a tsaye har ruwana ya ƙare, na kwanta a gindin wani maje harshena kamar busasshen ƙirgi. A nan wasu mata suka same ni, suna hawowa da kaya a kafaɗa yadda matan can suke ɗauka, suna hira kamar a tsakar gida suke. Ɗaya ta ba ni ruwa a ƙwarya, ta faɗa wa 'yar'uwarta wata magana da yarensu na Chamba, suka yi ta dariya. Har yau ban san me ta ce ba, amma na san na cancanta. Su suka nuna min wata 'yar hanya ta gefen hagu mai bin inuwa, wadda ba ta tsaye kamar wadda na ɗauko.

To ki zauna a tabarmar Jauro, ko da wayarki ta riga ta nuna miki hanya. Ki tambayi mata, domin su suke bin duwatsun nan kullum, sun san inda ƙasa take zamewa da inda ruwa yake ɓoye. Duk inda hanyarku ta haɗu da tasu, ku ne baƙi, mai keke shi zai tsaya mai kaya ta wuce. In hawa ya fi ƙarfinki ki sauka ki tura. Na tura keke a duwatsun nan fiye da yadda na hau shi, kuma ban ga abin da ya ragu a jikina ba.

In kin kai ƙofar, ki jingine keke ki juya baya. Ba zan iya rubuta miki abin da za ki gani ba, amma zan gwada. Ni da na saba ɗaga kai in ga gajimare, ranar na sunkuyar da kai na gan shi. Yana kwance a cikin kwari fari fat, kamar an baza auduga a shanya, kawunan duwatsu sun huda shi sun fito, wani bayan wani, har inda ido ya gaji. Shaho yana yawo a ƙasa da ni, ina kallon bayansa. Iska tana da sanyi da ƙanshin ciyawa. Na tsaya ban san lokacin da na cire hulata ba. Na yi sallar da na yi alkawarin yi da azahar, ga shi la'asar ta kusa wucewa, kuma ban taɓa jin ƙanƙantata a gaban Ubangiji kamar a wannan sujadar ba. Kada ki bar masu kekenki su wuce wurin nan a guje. Ki sa musu dutsen zama.

Daga nan gangara ce, kuma a nan ne tabon gwiwar hannuna ya samo asali, wanda kike latsawa kina yarinya kina tambaya ko yana zafi. Hanyar jar tsakuwa ce, ƙanana masu mulmulewa, kamar a zuba gyaɗa a faifai a ce ka yi gudu a kai. Bayan wahalar hawa, da na ji keke yana tafiya da kansa sai daɗi ya kwashe ni. Na saki feda, iska tana kaɗa rigata, har waƙa na yi. Sai ga kwana, ga wani dutse a bakinta. Na zuba wa dutsen ido, na damƙe birkin gaba da duk ƙarfina. Keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. Da na buɗe ido ina kwance cikin ciyawa, madubaina sun watse a gangaren, kowanne yana riƙe da tasa ranar.

A nan Bitrus ya same ni. Shi mai gadin daji ne, mutumin Ganye, gajere mai faɗin ƙirji, yana sintiri da ƙafa. Ya wanke min ciwon, ya ɗaure da gefen rawanina, ya miƙe min ƙafar keken a tsakanin gwiwoyinsa. Sai da ya tabbata ban karye ba sannan ya zauna ya yi dariyarsa har da hawaye. Ya ce, "Mai koli, kai da keke wa yake tuƙa wani?" Shi ya koya min dabarar mutanen wurin: a sami busasshen reshe mai nauyi a ɗaure da igiya a bayan keke, yana jan ƙasa yana rage gudu. Haka na riƙa sauka shekara da shekaru, reshe yana bina kamar akuya. Madubin da ban tsince ba kuwa birai suka kwashe. Bitrus ya rantse min cewa ya daɗe yana hango walƙiya a kan duwatsu, gwaggon biri yana duba fuskarsa. Tun daga nan yake kiran wurin Gangaren Madubi, kuma na ji an ce sunan ya zauna.

Na san birkin kekenki ba irin nawa ba ne, kin nuna min, yatsa ɗaya ya isa. Amma tsakuwar ba ta san an canza birki ba. Ki ja jikinki baya a kan sirdi, ki fi dogara da na baya, ki rage gudu tun kafin kwana. Kuma kada ki kalli dutsen da kike tsoro, domin inda ido ya tsaya nan keke yake zuwa. Ki kalli inda kike so ki bi.

A ƙasan gangaren akwai rafi mai duwatsu a ciki, ruwansa garau, iyakarsa idon sawu. Wata rana da damina ta kusa na tsaya a tsakiyarsa ina wanke keke, rana tana haske, babu ko ɗigon hadari a kaina. Bitrus yana bakin gaɓa yana cin rogo. Sai na ga ya daina tauna. Ruwan da ke ƙafata ya fara komawa kalar shayi, ganyaye suna wucewa. Bai yi min bayani ba, ya shigo ya fizgi keken, na bi keken. Muna hawa gaɓa ruwa ya iso da ruri kamar babbar mota, yana juya itatuwa. An yi ruwan ne can bisa duwatsu inda ba mu gani. Mu mutanen bakin Binuwai mun saba kogi yana cika a hankali, yana ba mutum kwanaki ya kwashe kayansa. Na dutse ba ya sallama. In kin ga ruwa ya sauya launi, ki fita, ko da takalminki ya rage a ciki.

Bayan rafin hanya ta rabu biyu. Ta hagu tana bin ƙashin bayan dutse, doguwa ce mai kyau, tana zagawa ta koma ƙauye. Ta dama siririya ce, tana kai wa ga wata tsohuwar tsamiya da ta tsage gida biyu. Yanzu ki rage saurin karatu.

Sai da muka daɗe da sabawa Bitrus ya yarda zai kai ni Malasa. Mun isa tsamiyar da hantsi, ya ce in jingine keke a nan, in cire takalmi. Na cire takalmi amma na ƙi barin keke. Duk abin da na mallaka a duniya shi ne, ga sabuwar ƙararrawa da na ɗaura masa a Jimeta, mai ƙara kamar ta makaranta. Na ce zan tura shi a hankali, ba zai yi motsi ba. Ya dube ni, ya wuce gaba.

Muka zaga wani babban dutse, sai ga shi.

Fili ne fari-fari kamar an yayyafa toka, duwatsu sun kewaye shi, ruwa yana tsattsafowa a gefe guda. Kuma cike yake. Ɓauna baƙaƙe sun durƙusa a kan gwiwoyinsu suna lasar ƙasa, tsuntsaye suna tafiya a bayansu. Gwanki, wanda ban taɓa gani ba sai fatarsa a kasuwa, yana tsaye da tsawonsa kamar doki, ƙahonsa ya lanƙwasa baya, fuskarsa kamar an zana da alli. Ga mariya, 'yar'uwar barewa, da 'ya'yanta. Gadu ya sa haƙori yana tonon gishiri. Babu mai korar wani, babu mai kula wani. Abin da nake ji kawai shi ne ƙarar harsuna a kan ƙasa, da numfashi, da kaɗa jela. Sai na ji kamar na leƙa duniya ranar da aka gama yin ta, kafin a kawo mu. Gashin jikina ya tashi. Na so in yi tasbihi, bakina ya kasa.

Sai wani ɗan gadu ya fito daga ciyawa ya tsaya a gaban tayata.

Fadimatu, ban yi niyya ba. Babban yatsan mutumin da ya yi shekaru yana kutsawa da keke cikin kasuwar Jimeta ba ya neman izini. Ya ga abu a hanya, ya kaɗa ƙararrawa.

Ƙasa ta girgiza. Kafin ƙarar ta gama mutuwa a cikin duwatsu babu kowa a filin, sai sawu da rassa suna kaɗawa. Na tsaya riƙe da keke kamar wanda ya fasa tulu a gidan mutane. Bitrus bai zage ni ba, da ma ya zage ni ɗin. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya murza a hannu, ya ce, "Ka tashi baƙin Allah daga kan abinci." A hanyar komawa ya gaya min cewa masu shayarwa da masu ciki ba sa iya zama babu wannan gishiri. In aka firgita su a nan, akwai wata malasar a wajen gandu, can za su nufa, kuma can akwai masu jiransu da bindiga. Ya ce za su daɗe ba su dawo ba. Haka kuwa aka yi. Duk zuwan da na yi a wannan shekarar ina tambayarsa, yana girgiza kai.

Sai da wata daminar ta wuce ya ce in zo. Na bar keke a tsamiya ba tare da an ce min ba. Muka shiga ba takalmi, iska tana bugun fuskarmu don kada ta kai musu warinmu, muka zauna a bayan dutse har ƙafafuna suka mutu. Suka zo. Ba su kai na farko yawa ba, amma sun zo. Wani gwanki ya ɗago kai ya dubi inda nake, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sunkuya ya ci gaba da lasa. Na yi kuka a wurin, a gaban Bitrus, ban ji kunya ba. Tun daga ranar, da na iso gindin dutse nake cusa tsumma a cikin ƙararrawa, ba na cirewa sai na ga gadar Jimeta.

To ga amsata. Na san waɗanda za su bi hanyarki mutanen kirki ne, masu son daji, shi ya sa za su zo. Ni ma ina son dajin ranar da na kaɗa. Yatsa ɗaya ne ya watsa filin nan shekara guda. Ki lissafa yatsun da za su bi hanyar da aka sa wa allo da kibiya, ga ƙarar birki, ga dariya, ga wayoyin da suke ɗaukar hoto su faɗa wa duniya inda aka ɗauka. Ki kai hanyarku ta hagu. Wallahi ta ishi kowa, akwai inda za su tsaya su ga ƙasar Kamaru tana shuɗi a nesa. Ta dama kuwa kada ki share ta, kada ki sa ta a taswira. In manyanki sun tambaya, ki faɗa musu gaskiya da dalili, su ma aikinsu tsare dajin ne.

Maganar suna kuma, ba zan ɓoye miki ba, ta shiga raina. Bayan fitarki a ranar sallamar nan na ɗauki sandata na rubuta a ƙasar tsakar gida, Hanyar Sale Mai Koli, na ja baya na duba. Ta yi kyau ƙwarai. Mutumin da ya kai shekarun aurar da 'ya yana dangwala yatsa a takarda, a ce yau sunansa yana kan allo a bisa dutse, baƙi suna karantawa. Na daɗe ina kallo, har mahaifiyarki ta fito ta tambaya me nake yi, na ce ina koya wa kaji karatu. Sannan na sa ƙafa na share. Allon da zai kai mutane Malasa ba na son sunana a kansa. Sau ɗaya na kore su, ya isa.

Ke kuwa ki je. Ke kaɗai, ko da mutum ɗaya mai iya shiru. Bitrus ya rasu, Allah Ya saka masa da alherin da ya yi min, amma 'yarsa tana aure a ƙauyen gindin dutse. Ki tambayi gidan, ki gaishe ta da kyau, ki ce ke jikar mai madubi ce. Ta san wurin. Daga tsamiya zuwa ciki ba zan rubuta ba, takarda tana iya faɗuwa a hannun kowa. Ki jingine keke, ki cire takalmi, ki kashe waya, ki bi sawu.

Ki kula da sallarki ko a kan dutse ne. Ki riƙa kiran mahaifiyarki duk inda kika sami sabis, tana nuna ba ta damu ba, amma tun jiya take wanke kwanon da ta riga ta wanke. Ki gaishe da abokan aikinki. Allah Ya ba ki ƙafa mai ƙarfi da ido mai gani, Ya raba ki da mugun ƙarfe da mugun ruwa da mugun mutum. Allah Ya nuna miki abin da Ya nuna min, Ya ba ki haƙurin da ban yi ba a ranar farko. Ya kai ki lafiya, Ya dawo min da ke lafiya.

Ki laluba ƙasan jakar, cikin safar nan tawa. Ƙararrawar ce. Ki ɗaura ta a kekenki in akwai wuri. Na cusa mata tsumma da hannuna, kada ki cire. Ranar da kika dawo, in kin shigo lungunmu, ki tsaya a ƙofar gida ki zare shi, ki kaɗa da ƙarfi yadda duk Dubeli za ta ji. Ina zaure ina saurare.

Wassalam.

Kakanki, kuma angonki na har kullum,
Sale Mai Koli